Ramin Ɗan Ajwa

Rana ba ta gama leƙowa daga bayan duwatsu ba aka ga ramin. A bakin ƙofar masaukin yake. Inda jiya ɗan dabino ke tsaye, yau babu komai sai rami mai faɗin kwando da ganye biyu a yashe.

Masaukin sabo ne fil, kwanansa tara da buɗewa, a kan hanyar da ta tashi daga Madina ta nufi Badr. Shekarar 1402 ce ta Hijira, zamanin da Turkawa da mutanen Sham ke zuwa ziyara ta ƙasa suna jaye da motocin gida, ɗaki sukutum a kan taya, da gado da murhu da makewayi. Sharfuddeen ya lura ba su da wurin yada zango, sai ya sayar wa masu gina benaye lambun kakansa na Ƙuba, ya zo nan ya shimfiɗa siminti layi-layi, kowane gurbi da famfonsa da sandar lantarkinsa. Ya sayi motocin gida shida na haya, ya gayyato dangi su kwana a ciki don a sa wa wurin albarka. Abu ɗaya kawai ya ɗauko daga lambun kafin katafila ta shiga: ɗan dabinon ajwa guda, wanda aka ɓalle daga jikin uwar da kakansa ya dasa shekarar da ya iso daga Damagaram a ƙafa. Shi ne aka tone.

Kafin Inna Ƙaltume ta gama yafa mayafi ta sauko daga matakalar ƙarfen motar da aka sauke ta, har an gama shari'a. Mutane sun kewaye Abdou, mai ban ruwa, mutumin Tawa, shekararsa uku a ƙasar. Sharfuddeen na tsaye a gabansa da iƙamar Abdou a hannu, ɗan littafin nan da in babu shi baƙo ba ya iya taka titi.

"Sawun wa kuke gani a nan?" in ji Sharfuddeen, rabi Hausa rabi Larabci. "Takalmin taya. Wa ke sa takalmin taya in ba shi ba? Wa bai zo masallaci da asuba ba? Halas, shi ke nan. Bayan la'asar motar shurɗa za ta biyo, na miƙa shi."

Kowa ya san abin da ke bayan wannan maganar. In 'yan sanda suka tafi da mutum, gidan yari tukuna, sannan jirgi, sannan hatimi a fasfo wanda ba ya goguwa. Mutum ya koma garinsu da sunan ɓarawo, daga birnin Manzo.

"Ni ban ɗauka ba," in ji Abdou.

Ƙaltume ta haura saba'in. Aminiyar Murja ce, mahaifiyar Sharfuddeen, shi ya sa aka gayyace ta. Ubanta mai bin sawun raƙuman sata ne a Damargu, kuma a bayansa ta yi tafiyar shekara bakwai har Hijaz tana kallon ƙasa. Bayan aure ta yi shekara ashirin tana kiwon awaki a wajen Badr tare da matan Badawiyyai. Maza kan yi dariya in an ce mace ce mai bin sawu, amma in yaro ya ɓace ko akuya ta yi ɓatan dabo, su ɗin ne ke aikowa a kira ta.

"Sharfu," ta ce, "ka ce bayan la'asar?"

"Na'am, ya hala," ya ce, yadda Larabawa ke kiran inna.

"To ba ni daga yanzu zuwa la'asar. Ku kuma ku janye ƙafafunku daga bakin ramin nan. Tun ɗazu kuke ta tattake abin da kuke nema."

*

Ta durƙusa da ƙyar, gwiwa tana ƙara, ta juya wa rana baya sannan ta sake juyowa ta fuskance ta, don sawu a inuwarsa ake ganinsa.

Gaskiya ne, takalmin taya ya cika wurin. To amma mai ban ruwa ai dole ya taka inda yake ban ruwa. Duk sawun nasa ruwan jiya ya bi ta kansu, ya bushe, ya yi ɓawo. Babu ko ɗaya da ya fasa ɓawon. Abin da ya faru bayan ruwan kuwa an share shi da ganyen dabino, shara mai kyau, har zuwa bakin siminti. Daga nan labari ya ƙare. Ta dubi shimfiɗar nan mai fari fat da ta tafi layi-layi tsakanin motoci, ta yi tsaki. Shekara dubu ƙasa tana riƙe amanar duk wanda ya taka ta, yau an zo an toshe mata baki, ana kiran abin ci gaba.

Har za ta miƙe sai idonta ya kai gefen fangalin, ɗan tudun ƙasar nan da ake kewaye gindin itace da shi don ya tare ruwa. Ta ɓangaren gabas ya rushe, ta nan aka jawo dabinon. Amma an gyara. An tara ɗanyar ƙasa an mayar, an danne ta sau uku da ƙafa, ƙafa kuma ba takalmi. Diddigen yana da tsaga mai zurfi a tsakiya. A danni na uku tafin ya fito duka, babban ɗan yatsa ya ware gefe can, kamar ya yi fushi da 'yan'uwansa.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta aika aka kawo mata kwanon wanke-wanke, ta kife a kai, ta ɗora dutse.

"Me kika rufe?" in ji Murja, wadda ta tsaya mata da lema.

"Abin da ba na son a taka."

"Ni dai na faɗa, Turkawan nan ne da suka tashi tun duhu. Jiya na ga matar tana shafa ganyensa."

"Ke ma kin shafa, na gan ki. Zo ki duba."

Ta kai ta inda tayoyin motar Turkawan suka sauka daga siminti suka hau turɓaya. Ƙwaro ya ja layinsa a kan sawun tayar, raɓa kuma ta sauka a kan layin ƙwaron. Sun fita tun kafin a kira assalatu. Ƙasar da aka danne a gefen fangalin kuwa ba ta ga raɓa ba.

"Bayin Allah suna can suna karyawa a Badr," in ji Ƙaltume, "ke kina nan kina ɗora musu dabino a ka."

*

Lurwanu, direban tankar ruwa, shi ne na biyu da bakin mutane ya kama, saboda ran Juma'a yana sayar da 'ya'yan itatuwa na dashe a kasuwar Ƙuba. Ta same shi a ƙarƙashin tankar yana shan shayi, ƙafafunsa cikin wasu jibga-jibgan takalman sojoji.

"Hajiya, an ce ke ce sabon hakimin shurɗa. In tashi in sara?"

"Zauna, kada ka zubar da shayin. Nawa ake sayar da ɗan ajwa yanzu?"

"Mai rai ko gawa?"

"Ban gane ba."

"Ai wancan gawa ce da ba a yi wa wanka ba." Ya kurɓi shayi. "Ɗan dabino in an dasa shi, a ɗaure yake zama cikin buhu wata da watanni, kamar jariri a zane. Ran buɗe wurin nan maigida ya sa aka kwance shi don ya fito a hoto. Iskar Badr ta shiga zuciyarsa. Ga ruwan rijiyar nan gishiri ne, ni da nake kawo na sha na sani. Kwana uku ke nan ganyen tsakiya ya fara ja. Wallahi ko kyauta aka ba ni ba zan kai shi kasuwa in zubar da mutuncina ba."

"Ka gaya wa Sharfu?"

"Ni a su wa? Mutumin da ya yi karatu a Riyad? Manya ma sun faɗa, ya ce musu mafi mushkila, wai ba matsala."

"Cire mini takalmin dama."

"A'a, Hajiya! Da safiyar nan? Ki ji tausayin hancinki."

Ya cire dai. Ƙafa ce lumus, fara, yatsu a manne kamar 'ya'yan ayaba. Ƙafar mai taka totur.

Tana tafe tana juya maganar. Mutane sun ce ajwa tsada gare shi, saboda haka talaka ya sata. Haka ake cewa kullum, kuma da yake ana yawan cewa, ba wanda ke tsayawa ya duba. Amma wanda ya san dabino har ya iya cire shi da ƙasarsa ba tare da ya taɓa zuciyar ba, ya san wannan ba na sayarwa ba ne.

*

An zaunar da Abdou a ɗakin injin ruwa, an sa kwaɗo ta waje. Kafin ta sa a buɗe, sai da ta bi ɗan zirin turɓayar da ke tsakanin ɗakin da ƙofar masauki, wanda ba a kai ga zuba masa siminti ba. A nan akwai sawun takalmin taya na yau. Ya fito daga ɗakin, ya yi taku goma sha ɗaya, ya tsaya. Ƙafafu biyu a jere, sun nutse, kamar na wanda ya jima a tsaye. Sannan ya juya ya koma, da taku gajeru.

"Sannu, ɗana."

"Yauwa, Inna."

"Me ya hana ka masallaci?"

"Injin shina son a tada shi da sanyi. Nan nike salla kullum, maigida ya sani."

"Da ka tada shi, ka fito ka nufi ƙofa. Ka tsaya. Me ka gani?"

Ya dubi ƙasa.

"Abdou, da kai nake. Kana da iyali?"

"Mata da ɗiya ukku. Da tsohuwata."

"Ka san abin da zai same ka bayan la'asar?"

"Na sani."

"To wa ka gani?"

Ya ɗago kai. Idanunsa sun yi ja. "Inna, mi zan ce? A garinmu yaro ba ya buɗe baki gaban jama'a ya kira sunan mai furfura. In na yi haka, tsohuwata da kanta ba ta ƙara cin tuwo da ni. Kuma ko na hwaɗi, wa za a yarda da shi, ni ko ɗan gida? Wanda ya yi shina ji, shina gani. Zai yi magana."

"In bai yi ba fa?"

"Zai yi," in ji Abdou.

Ta fita. Ta san wannan tarbiyya, da ita aka raine ta. Kyakkyawa ce matuƙar babban ya cika babba. Abin da ba a taɓa koya musu ba shi ne yadda yaro zai yi ran da babban ya gaza.

*

Maza biyu ne ba su je masallaci da asuba ba. Na biyun Malam Ƙasimu ne, baffan Sharfuddeen, wanda ciwon gwiwa ya sa yake salla a ɗaki. Ba wanda ya ambace shi, don ba wanda ya ga abin ambato: tsoho ne mai sanda, ɗan gida, wanda ya yi shekara hamsin yana hawan dabinon lambun Ƙuba kafin a sayar.

Ta yi sallama a ƙofar motarsa da azahar. Yana zaune a bakin gado, na'urar sanyi tana gurnani, ƙafafunsa cikin huffi.

"Ƙaltume, ke ce da rana tsaka? Shigo, bar ƙofar a buɗe."

"Malam, huffi a wannan zafi?"

"Sanyin injin nan ke shiga mini ƙashi."

Ya zuba mata shayi. Sun san juna tun suna yara a unguwar Takari, ita tana tallar gyaɗa a bakin Harami, shi yana ɗauko wa ubansa taki a jaki. Ta zauna tana hura kofin. A ƙarƙashin ƙamshin na'ana akwai wani wari da ta sani, warin jiƙaƙƙen buhu, yana fitowa ta ƙasan ƙofar makewayi.

"Yaron nan Abdou," ta ce, "'ya'yansa uku."

"Allah sarki."

"In aka buga masa hatimi, shi da Madina sai a mafarki."

Ƙasimu ya juya carbinsa. "Allah ya bayyana gaskiya."

"Allah ya riga ya bayyana, Malam. Saura mutane."

Ƙasimu ya koma kan carbinsa. Ta ba shi lokaci, ta sha shayin nan a hankali har ya huce, ta ƙara wani. Ta so ƙwarai ya zama shi zai buɗe baki. Da ya ce mata ko kalma ɗaya, da ta san yadda za ta lallaɓa Sharfu a ɗaki, a saki yaro, a rufa wa tsoho asiri. Amma ya ci gaba da jan carbi yana kallon taga.

"Kafin la'asar zan tara mutane a bakin ramin," ta ce da ta tashi. "Akwai sauran lokaci. Ƙofar Sharfu ita ce ta uku daga taka."

*

Malam Ƙasimu bai je ba. Ta zauna a inuwar motarta tana kallon ƙofar nan ta uku har inuwa ta juya.

Da aka taru, maza suka tsaya ta gabas, mata daga baya-baya. Aka fito da Abdou. Lurwanu ya jingina da tankarsa. Malam Ƙasimu ya zo ƙarshe, yana dogara sanda.

Ƙaltume ta ɗauke dutsen, ta ɗaga kwanon.

"Sharfu, matso ka duba. Me ka gani?"

"Sawu ne, ya hala. Ƙafa."

"A kan me?"

"A kan gefen fangali."

"Fangalin me?"

Ya leƙa cikin ramin.

"Ka gani ko? Babu itace a ciki. Mutum ya tone dabino, gari yana wayewa, masallata sun kusa fitowa, ya share sawunsa tsaf don kada a gane shi. Sannan ya waiwaya ya ga gefen fangali a rushe, hannunsa ya ƙi tafiya ya bar shi haka. Ya tara ƙasa, ya danne. Bai ma san ya yi ba. Ɓarawo ba ya gyara ramin da ya bari. Abdou manomin gero ne, bai san dabino ba sai a nan, kuma da takalmi yake shiga ruwa. Wannan aikin wanda ya saba ne tun yana yaro cewa ba a shiga gindin dabino da takalmi, kuma ba a barin fangali a buɗe. Ku dubi babban yatsan. Kututturen dabino ne ke ware yatsa haka, kuma ba a shekara goma ba."

Ba wanda ya juya, amma ta ji yadda kowa ke ƙoƙarin kada ya juya.

"Ban so a kai nan ba," ta ce. "Duk namijin da ke wurin nan ya cire na dama, ya taka kusa da shi."

Lurwanu ya sunkuya zai kwance igiya.

"Ba sai an cire ba," in ji Malam Ƙasimu. "Yana makewayin motata, cikin buhu. Na ɗaure shi, na ba shi ruwan daɗi."

"Ammi! Baffa!" in ji Sharfuddeen. "Kai? Kai ka sace?"

"Sata?" Sandar tsohon ta bugi siminti. "Ubana ya dasa uwarsa, ni na riƙe masa guga. Ka sayar da lambu, ban ce komai ba, rabon ubanka ne ya fi yawa. Na tsaya ina kallo katafila ta kwantar da itatuwa saba'in a yini ɗaya. Wannan kaɗai ya saura. Sau uku ina ce maka a mayar masa da buhu, a canza masa ruwa, kana ce mini mafi mushkila a gaban baƙi. In zauna in ga ya mutu don a ɗauki hoto? Gobe da na sa an kai shi Ƙuba, gidan Zaituna 'yata, akwai ƙasa a bayan ɗakinta."

Mutane suka fara gyaɗa kai. Wata daga cikin mata ta ce, "Allah sarki, tsoho." Murja har ta kai gefen mayafi ido. Ƙaltume ta ga yadda maganar ke sulalewa tana komawa ta dangi, baffa da ɗa, a yi sulhu, a sha shayi.

"Ba don dabino na durƙusa da gwiwar nan ba," ta ce da ƙarfi. "Dabino naku ne, ku ƙarata. Malam, tun hantsi yaron nan yake kulle. Ya gan ka da idonsa. Na tambaye shi, ya ƙi kiran sunanka, don yana ganin furfurarka. Ya ce za ka yi magana."

Ƙasimu ya dubi Abdou, karo na farko tun safe.

"Ka gan ni?"

"Na gan ka, Baba. Har na so in zo in kama maka, na ga shina da nauyi. Sai na ce wataƙila ba ka son a sani."

Sharfuddeen ya zaro iƙamar daga aljihu. Ya tsaya da ita a hannu kamar bai san ta wane gefe ake miƙawa ba, sannan ya miƙa da hannu biyu. "Samihni, ya Abdou, ka yafe mini. Na zalunce ka a gaban mutane. Ku shaida, ba shi da laifi."

Abdou ya karɓa, ya buɗe, ya dubi hotonsa, ya sa a aljihun gaba ya danne da tafi.

Tsohon ya matso. "Ɗana, na ce a raina tsawa ce kawai zai yi maka, ya huce. Da aka ambaci shurɗa kuma sai kunya ta riƙe mini harshe. Ka yafe mini."

"Na yahe, Baba. Duniya da lahira." Abdou ya dube shi. "Abu guda nike son in sani, don zuciyata ta kwanta. Da Inna ba ta ga sawun ba, motar ta zo, an sa ni ciki. Da ka yi magana, ko?"

Ladan ya ɗaga murya daga ɗan masallacin. Ba wanda ya motsa. Ƙaltume ta dubi tsohon da ta sani shekara sittin, tana roƙon Allah a ranta ko da ƙarya ce ya ce i.

Malam Ƙasimu ya daɗe yana kallon ramin.

"Ban sani ba," ya ce.

Abdou ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa farashin abin da ya daɗe yana tsammanin kyauta ne. Ya ce, "To, madalla." Ya wuce famfo ya fara alwala.